Hawan Jinin Ido: Kada a Jira Sai Ido Ya Yi Ciwo

(Kiɗan buɗe shiri)

 Barkanmu da sake haɗuwa a filinmu na kiwon lafiya daga nan birnin Njamena. Ina gaida iyayenmu da ke zaune a ƙofar gida da rediyo a gefe, da 'yan kasuwar Dembe da Kasuwar Gero da Babbar Kasuwa, da mutanen Farsha da Digel da Shagwa da Waliya, da 'yan'uwanmu na tsallaken ruwa a Kuseri.

Yau maganar ido za mu yi, kuma a kan ciwo guda ɗaya za mu tsaya: wanda likitoci ke kira gilakoma, mu kuma muka fi saninsa da hawan jinin ido. A duk duniya babu ciwon da ya kai shi jawo makantar da ba ta warkewa. Yanar ido ta fi shi makantar da mutane da yawa, wannan gaskiya ne, amma mai yana idan aka yi masa aiki, washegari a buɗe bandeji ya ga jikokinsa. Hawan jinin ido kuwa ganin da ya cinye ya tafi ke nan. Babu magani, babu tiyata, babu gilashin da zai dawo da shi. Abin da likita ke iya yi shi ne ya tsare wanda ya rage. Shi ya sa ranar da aka gano ciwon ita ce ke yanke yawan ganin da mutum zai tsira da shi.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a cikin idon. A gaban ƙwayar ido akwai wani ruwa garai-garai. Ba hawaye ba ne, ba jini ba ne. Ido ne ke yin sa da kansa dare da rana a bayan baƙin ido, ya ciyar da gaban idon, sannan ya fita ta wasu ƙananan magudanai da ke zagaye da inda baƙin ido ya haɗu da farin. Mu mutanen Njamena mun san abin da ke faruwa da damina idan leda da yashi suka toshe kwalbati: ko ruwan sama bai fi na kullum ba, unguwa sai ta cika, domin hanyar fita ta ragu. To haka ne a cikin ido, sai dai shi ido ba shi da inda zai yi ambaliya. Ruwan na taruwa, ido ya ɗaure, matsin ya koma kan jijiyar da ke bayan ido, wadda ke kai saƙon gani zuwa ƙwaƙwalwa. Wannan jijiya tana da zaruruwa fiye da miliyan ɗaya. Matsin yana kashe su kaɗan-kaɗan, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa.

Likitoci na auna wannan matsi da lamba. A yawancin masu lafiya yakan tsaya tsakanin 10 zuwa 21. Amma a kula: akwai wanda lambarsa ba ta wuce haka ba, jijiyarsa kuma tana lalacewa. Don haka awon matsi kaɗai bai isa ba, sai an leƙa jijiyar kanta. Kuma kada sunan ya ruɗe mu. Awon hawan jini da ake ɗaura wa mutum a dantse ba ya nuna komai game da matsin ido. Alhaji, ko an ce maka jininka lafiya lau, wannan bai wanke idonka ba.

Yanzu ga inda matsalar take. Irin gilakomar da ta fi yawa a cikinmu baƙar fata ba ta zafi. Ido ba ya ja, ba ya ƙaiƙayi, ba ya kwantsa. Daga gefe-gefen gani take farawa, tsakiya kuma sai a ƙarshe. Idan ido ɗaya ya rasa wani sashe, ɗayan ya rufa masa asiri. Sai ka ga dattijo yana karanta Alƙur'aninsa ba gilashi, yana gane fuskar mai zuwa daga nesa, amma kullum yana tuntuɓe da buta a tsakar gida, kafaɗarsa na bugun ƙyauren ɗaki, jikansa ya tsaya a gefensa bai san yana nan ba sai ya yi magana. Mutanen gida su ce tsufa ne. Ko ka ɗauki ɗan kilando, wato mai haya da babur, mai shekara arba'in da 'yan kai, wanda yake ganin titi tar a gabansa, amma sau biyu mota na fito masa daga dama a shataletale bai gan ta ba. Shi zai ce direban ne ba shi da hankali. Ranar da irin waɗannan mutane suka ji a jikinsu cewa gani ya ragu, sau da yawa ido ɗaya ya riga ya tafi, ɗayan kuma saura ƙiris.

Ba ƙiyasi nake yi ba. Maƙwabtanmu na Najeriya sun yi babban bincike a kan makanta daga 2005 zuwa 2007, a dukkan shiyyoyin ƙasar, har da arewa maso gabas da muke iyaka da ita. An duba idanun mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. An samu kusan mutum 5 cikin kowane 100 suna da hawan jinin ido. A cikin masu ciwon, kusan 94 cikin 100 ba su san suna da shi ba. Ɗaya cikin biyar kuma ya riga ya makance. Waɗannan mutane jininmu ɗaya da su, kasuwarmu ɗaya, auratayya muke yi. Abin da aka gani a wurinsu ya isa ya tashe mu tsaye. A duniya baki ɗaya, masana sun ƙiyasta masu ciwon sun kai miliyan 76 a 2020, kuma za su kusan miliyan 112 a 2040. Mu baƙar fata yana kama mu da wuri fiye da Turawa, yana kuma saurin cin ido.

(Ɗan kiɗa)

To wa ya kamata ya je a duba shi? Duk wanda ya kai shekara 40, ko da idonsa ƙalau yake ji. Mai ciwon suga. Wanda ba ya ganin nesa sai da gilashi mai kauri. Wanda ya taɓa buguwa a ido, ko da shekaru sun shuɗe: dutse, ko bulala, ko igiyar roba ta ɗaure kaya da ta tsinke ta dawo masa a fuska. Amma wanda na fi damuwa da shi, shi ne wanda ciwon ke cikin danginsa.

Iyayena mata, ku kuka fi kowa sanin tarihin gida. Ku tuna: akwai kaka ko baffa ko gwaggo da ta makance sannu a hankali, idonta a buɗe, baƙinsa baƙi ƙirin, babu farin yana a ciki? Irin wanda baƙo zai shigo ya miƙa masa hannu bai san makaho ba ne? A gidaje da yawa an ce sammu ne, ko an ce maƙiya ne, ko a ce makantar gidan ce, haka Allah ya yi su. Gado ne, ƙwarai kuwa, amma gadon da ake iya tarewa. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya ke da wannan ciwo, hatsarinsa ya ninka na sauran mutane sau da yawa. Idan likita ya gaya wa mutum ɗaya a gida cewa yana da hawan jinin ido, to ba shi kaɗai aka gaya wa ba. Yayyensa da ƙannensa da 'ya'yansa manya duk su je, kada ma su jira shekara 40. Na san akwai masu ɓoyewa don kada a ce gidan masu makanta ne, a ƙi auren 'ya'yansu. Ina roƙonku da girman Allah ku daina. Ɓoyewar ce ke makantar da ƙanin da za a iya ceto.

Wasu tsoron awon suke ji, don haka bari in faɗa muku yadda yake. Za a fara sa ka karanta allo daga nesa. Wanda bai yi boko ba akwai allo mai alamomi, da hannu kawai zai nuna inda suka fuskanta. Sai a ɗiga maka wani magani da ke kashe jin ido na ɗan lokaci. Ka ɗora haɓarka a kan na'ura, ka jingina goshi, wani shuɗin haske ya matso, ya taɓa idon a hankali, ba za ka ji komai ba. A wasu wurare iska ce kawai ake hura wa idon, fuf, shi ke nan. Daga nan likita ya haska fitila ya leƙa jijiyar da ke can baya. Idan ya ga alamar da ba ta kwanta masa ba, zai tura ka awon faɗin gani: ka kafa ido a wuri ɗaya, duk sanda ɗan haske ya ƙyafta a gefe ka danna maɓalli. Babu allura, babu yanka.

A nan birni akwai sashen ido a Babban Asibitin Ƙasa, wanda muka sani da HGRN, akwai kuma wasu asibitoci da ke duba ido. Likitocin ido a Chadi ba su da yawa, kuma akasarinsu a nan Njamena suke. Wannan ya ɗora mana nauyi biyu. Na farko, mu da ke kusa ba mu da uzuri. Na biyu, idan dattijon gida ya zo mana ziyara daga Abeshe ko Mongo ko Mawo ko Bol, kada ya koma sai an kai shi an duba. Idan kun je, ku buɗe baki ku ce: a auna mini matsin ido, a duba mini jijiya. Gilashin karatu da ake saya a tire a kasuwa yana gyara ganin rubutu, amma bai san komai game da jijiya ba. Mutum na iya canza gilashi uku yana murna, ciwon na can yana aikinsa.

Mu zo kan magani, domin a nan ne aka fi yin asara, har a cikin waɗanda Allah ya taimaka aka gano nasu da wuri. Maganin farko na ɗigawa ne. Aikinsa ya rage yawan ruwan da ido ke yi, ko ya buɗe masa hanyar fita. Ba ya ƙara gani ko kaɗan. Sai Hajiya ta ɗiga kwalba ɗaya, ta ɗiga ta biyu, ta ce: "Ni fa ban ga wani canji ba, idon ma yaji yake yi mini, kuɗina kawai nake zubarwa." Ta ajiye. Hajiya, rashin canjin shi ne nasarar. Idan bara kina ganin hanyar masallaci, bana ma kina ganinta, to maganin ya yi aikinsa. Wannan ciwo ba a gama shan maganinsa kamar na zazzaɓi. Da an daina ɗigawa, cikin 'yan kwanaki ko makonni matsin ya koma inda yake, kuma ba za ki ji komai ba.

Maganin da aka fi samu a ƙasashenmu shi ne timolol, wanda aka fara amfani da shi tun 1978, safe da yamma ake ɗigawa, kuma ya fi sauran araha. Amma mai ciwon asma da mai ciwon zuciya lallai su gaya wa likita kafin a rubuta musu, domin yana iya toshe numfashi ko ya rage bugun zuciya. Akwai latanofuros, wanda ya fito a 1996, sau ɗaya ake ɗigawa da dare. Ya fi ƙarfi, ya fi tsada, kuma ba ya son zafi: kafin a buɗe kwalbar a firiji ake ajiye ta. Ku tuna zafin garin nan a watan Afirilu, da yake haura digiri 40. Kwalbar da ta wuni a tiren masu tallar magani da muke kira Dokta Shuku a tsakiyar rana, ko da ta gaske ce, ba ka da tabbacin abin da ya rage a cikinta. Ku saya a kantin magani mai rajista. Wanda ba shi da firiji a gida ya sa kwalbar a ɗan gwangwani mai murfi ya ajiye a gindin randa, inda ke da sanyi da inuwa. Kada a bar ta a aljihun riga ko a cikin mota.

Yadda ake ɗigawa ma yana da muhimmanci. Wanke hannu. Ɗaga kai sama, ka ja fatar ido ta ƙasa da yatsa, ka sa ɗigo ɗaya tak. Ido ba ya riƙe fiye da ɗigo ɗaya, na biyun a kunci yake ƙarewa, kuɗinka ne ke gangarowa. Kada bakin kwalbar ya taɓa ido. Sai ka rufe idon, ka danne lungunsa na wajen hanci da yatsa kamar minti biyu. Idan magani iri biyu ne, a bar aƙalla minti biyar tsakaninsu. Dattijon da hannunsa ke rawa, a samu yaro mai hankali a gida a ɗora masa wannan aiki, ya riƙa haɗa shi da lokacin salla don kada a manta.

Wannan dannewa ta lungun ido tana da wani amfani. Ita ce ke hana maganin gangarawa ta hanci zuwa maƙogwaro, abin da ke sa mutane da yawa ajiye kwalba wata guda cur da azumi. Wata guda ba magani ba ƙaramar ɓarna ba ce ga jijiyar da ta riga ta raunana. Mai ɗigawa sau ɗaya da dare ba shi da matsala. Mai sau biyu kuma ana iya tsara masa lokacin sahur da bayan shan ruwa. Kafin watan ya kama, ka tambayi likitanka, ka tambayi malaminka, amma kada ka yanke wa kanka hukuncin dainawa.

Ba zan ɓoye ba, kuɗin magani wata bayan wata nauyi ne, musamman ga wanda ya bar aiki ko mai ƙaramin jari. A ganina, 'ya'ya su sa kwalbar Baba a lissafin cefanen wata, kusa da gero da mai. Idan kuma abin ya gagara, kada a ji kunyar gaya wa likita. Gara ya sani ya nemi wata hanya, da a riƙa ɗigawa mako biyu a huta mako uku.

Wata hanyar ita ce tiyata. Tun 1968 wani likita a Ingila mai suna Cairns ya bayyana aikin da har yau aka fi yi: a buɗe wa ruwan wata 'yar ƙofa a ƙarƙashin fatar ido ta sama. Mutane na gudun wannan aiki, kuma na san dalili. Sun ga an yi wa maƙwabci bai dawo yana gani ba, sai aka ce aikin ne ya kashe idon. Sau da yawa maƙwabcin ya je ne bayan jijiyar ta kusa ƙarewa, ko ya zaci irin aikin yana ne da ake fita ana gani. Wannan aiki na tsare gani ne. Ga wanda ke zaune nesa da kantin magani, ko wanda ɗigawa ta kasa sauke masa matsi, yana iya zama mafi alheri. Sai dai a riƙe komawa asibiti bayan aikin, domin jikinmu na saurin yin tabo, ƙofar na iya rufewa. Akwai kuma hasken leza da ake haska wa magudanan, cikin 'yan mintuna a tashi a tafi gida. A garin Moshi na Tanzaniya an gwada shi da timolol, aka wallafa sakamakon a 2021: bayan shekara guda, leza ta riƙe matsin a kusan ido 61 cikin 100, timolol kuma a 31. Ku tambayi likita ko ya dace da ku, da inda ake samunsa. Wasunmu kan tafi Kano, asibitin ido na ECWA da ke aiki tun 1943, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ko Yawunde. Ba laifi. Amma wannan ciwo na tsawon rai ne, dole ka samu likita kusa da gida wanda zai riƙa auna ka, ka kuma adana takardunka.

(Ɗan kiɗa)

Akwai hawan jinin ido da mu da kanmu muke jawowa. Da hunturu, ƙura ta tashi, yaro ya yi ta susar ido har farinsa ya koma ruwan ƙasa. Uwa ta aika a sayo maganin ɗigawa. Aka ɗiga, kwana biyu ido ya washe. Daga nan duk sanda ƙaiƙayi ya dawo sai a sake sayowa, wata da watanni. Da yawa daga cikin irin waɗannan magunguna na ɗauke da sinadarin da ake kira siteroyid. A jikin kwalin za ku ga deksametazon ko betametazon ko firedinisolon. Magunguna ne masu amfani a hannun likita, na ɗan lokaci, yana auna matsi. Idan aka daɗe ana ɗigawa ba awo, suna ɗaga matsin ido, yara kuma sun fi saurin kamuwa. Yaro ɗan makaranta ya rasa ganinsa saboda ƙaiƙayi, wannan abu ne da ke ƙona rai. 'Yan'uwana mata, mayukan bilicin da yawa ma na ɗauke da irin wannan sinadari, kuma shafa su kusa da ido shekara da shekaru na iya yin wannan ɓarna. Haka masu yawo gari-gari suna kwantar da yana da tsinke: yanar da aka tura cikin ido na iya tayar da matsi ta kashe idon gaba ɗaya.

Saura iri biyu da ba sa jira. Na farko yana zuwa farat ɗaya: ido ya yi ja, ya yi azabar ciwo har rabin kai, gani ya dushe, mutum ya riƙa ganin zobe mai launi-launi kewaye da fitila, wani har da amai. Wannan magudanan ne suka rufe gaba ɗaya. Kada a ce bari gari ya waye a gani, kada a tsaya shan maganin ciwon kai. A tafi asibiti a lokacin, domin cikin kwana ɗaya ko biyu ido na iya tafiya.

Na biyu na jarirai ne. Jaririn da idonsa ke yawan zubar da hawaye ba kuka yake ba, yana runtse ido yana cusa fuska a jikin uwa idan aka fito da shi haske, baƙin idonsa ya fi na sauran yara girma ko ya yi hazo-hazo. 'Yan barka kan yaba, su ce masha Allah, dara-daran idanu. Matsi ne ke buɗa idon, domin na jariri yana da taushi. Wannan tiyata yake buƙata, kuma da wuri. Ungozomomi da kakanni, ku ke wankan jego, ku ke fara ganin idon yaro kusa. In kun ga haka, ku sa a kai shi sashen ido a makon.

A nan za mu dakata. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki yanar ido da yadda ake aikinta. Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. 

(Kiɗan rufe shiri)